SHARHI: Tarwaɗar da ta raba kan masunta a Amurka, wasu na kiran ta dukiya, wasu na kiran ta annoba

A kogin James da ke jihar Bajiniya ta ƙasar Amurka, akwai masu jiragen ruwa da sana'arsu ita ce kai baƙi inda za su kama ƙatuwar tarwaɗa, su ɗauki hoto da ita, sannan su mayar da ita ruwa da ranta. A maƙwabciyar jihar Maryland kuwa, hukuma roƙon jama'a take yi da su kama wannan kifi iyakar iyawarsu, kada su mayar da ko ɗaya. Kifin dai iri ɗaya ne, kuma kogunan jihohin biyu duk mashigin teku ɗaya suke zuba ruwansu, wato mashigin Chesapeake.

Wannan saɓani ya kai ga Gwamnan Maryland, Wes Moore, ya rubuta wa gwamnatin tarayya takarda a watan Maris na 2023, yana neman a ayyana cewa bala'i ya afka wa sana'ar su a jiharsa saboda baƙin kifaye, musamman shuɗiyar tarwaɗa. A watan Disamba na wannan shekara Ma'aikatar Kasuwanci ta Amurka ta ƙi amincewa, bisa hujjar cewa raguwar kuɗin shigar masunta ba ta kai mizanin da doka ta gindaya ba. Ƙin amincewar bai kashe maganar ba. Ƙidayar ƙaguwa ta 2025 ta nuna kimanin miliyan 238 ne suka rage a mashigin, adadi na biyu mafi ƙaranci tun da aka fara ƙidayar a 1990, kuma tarwaɗa na cikin waɗanda ake nuna wa yatsa.

Yadda baƙuwa ta zama 'yar gida

Shuɗiyar tarwaɗa, wadda masana ke kira Ictalurus furcatus, ita ce mafi girma a dangin tarwaɗar Arewacin Amurka. Asalinta kogunan Mississippi da Missouri da Ohio ne. Tana da gashin baki da santsin jiki kamar tarwaɗar da aka sani a gulaben Afirka, sai dai wutsiyarta a tsage take, launinta kuma toka-toka ne mai ratsin shuɗi. Tana iya wuce shekara 20 a raye.

Ba da kanta ta zo gabashin ƙasar ba. Daga shekarun 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1980, hukumar kula da namun daji da kifayen ruwan daɗi ta Bajiniya ce ta zuba ta a kogunan James da Rappahannock da kuma rassan kogin York, domin samar wa masu fatsa babban kifin da za su yi alfahari da shi. A wancan zamani wannan ba baƙon abu ba ne, hukumomi da dama na ɗaukar kifi daga wannan ruwa su kai wancan. Lissafin da aka yi shi ne, tunda kifin ruwan daɗi ce, gishirin da ke bakin kogunan zai zame mata katanga, ba za ta iya fita ta shiga wani kogi ba.

Lissafin bai yi daidai ba. Binciken Cibiyar Nazarin Kimiyyar Teku ta Bajiniya ya nuna tana jure ruwan da gishirinsa ya kusa rabin na teku na tsawon kwanaki, kuma an sha kama ta a ruwan da ya fi haka gishiri. A shekarun da aka tafka ruwan sama mai yawa, kamar 2018, ruwan daɗi kan mamaye mashigin, gishiri ya ragu, sai hanya ta buɗe mata. Wasu masu fatsa kuma sun taimaka mata ta hanyar ɗaukar ta a ɓoye zuwa kogunan da suke so. A yau tana kusan dukkan manyan kogunan da ke zuba a Chesapeake, ciki har da Potomac, wanda ya ratsa birnin Washington, da Patuxent da Nanticoke.

Yawanta ya ba masana mamaki. Wani bincike na cibiyar ya ƙiyasta tarwaɗa miliyan 1.6 a wani yanki na kogin James da tsawonsa bai wuce kilomita 12 ba. A wasu sassa na James da Rappahannock an ƙiyasta cewa ita ce ta ƙunshi har kashi 75 cikin 100 na nauyin dukkan kifayen da ke wurin.

Koguna masu numfashi da teku

Fahimtar yadda ta bunƙasa, da yadda ake kama manyanta, na buƙatar sanin halin waɗannan koguna. Ba kamar gulbin da ke gangarowa ta fuska ɗaya ba ne. Sau biyu a kowace rana teku kan cika ta turo ruwa sama, sannan ta janye ruwan ya koma. A James wannan turi kan kai har birnin Richmond, a Rappahannock har Fredericksburg, a Potomac kuma har Washington, inda bambancin tsayin ruwa tsakanin cika da janyewa ke kusan mita ɗaya. A can sama ruwan daɗi ne zalla duk da yana hawa da sauka, can ƙasa kuma gishiri na ƙaruwa sannu a hankali har a isa mashigin.

Irin wannan kogi rumbu ne na abinci. Takin gonaki da dagwalon birane na ƙara masa ƙananan tsirrai da ƙwari, kifayen teku na shigowa su yi ƙwai a lokacin bazara, ƙaguwa da kawa na zaune a sassan da ke da gishiri-gishiri. Baƙuwar da ta tarar da wannan yalwa, ba ta kuma tarar da wani babban kifi da zai farauce ta idan ta girma ba, dole ta yaɗu. Ga shi kuma namijinta na gadin ƙwai da 'ya'ya har su yi ƙwari, abin da ke rage asarar da sauran kifaye ke yi.

Ilimin neman manyan

Masu fatsa da suka ƙware a waɗannan koguna ba sa fita sai sun duba jadawalin cika da janyewar teku. Dalili kuwa shi ne babbar tarwaɗa ba ta son wahala. Takan laɓe a inda ƙarfin ruwa ya karye, ta fuskanci inda ruwan ke zuwa, tana jiran ya kawo mata abinci. Idan ruwa ya tsaya cik tsakanin cika da janyewa, cizo kan yi sanyi. Da zarar ya motsa, ƙanshin abin da ke ƙugiya ya bi ruwa ya isa gare ta, domin da gashin baki da fatar jiki take ɗanɗano, ba ta dogara da ido ba a cikin ruwa mai laka.

Wuraren da ake nema sanannu ne: gurbi mai zurfi a bayan kwanar kogi inda ruwa ya ƙwaƙule gaɓa, gefen hanyar jiragen ruwa inda ƙasa ta gangara farat ɗaya, itatuwan da suka nutse, gindin gadoji, tsofaffin jiragen dakon kaya da suka nutse, da bakin ƙoramu, musamman lokacin da ruwa ke janyewa yana koro ƙananan kifaye zuwa babban kogi. A da, sanin waɗannan wurare gado ne na shekaru. Yanzu na'urar da ke aika amo ƙarƙashin ruwa tana zana hoton ƙasan kogi ta sa ko baƙo na iya ganin gurbin da kifin da ke kwance a cikinsa.

Idan an gano wurin, sai a kafa jirgi sama da shi, ta ɓangaren da ruwa ke fitowa, a jefa layuka da dama a baje, kowanne da dalma mai nauyin da za ta riƙe ƙugiya a ƙasa. Abin da aka fi maƙala wa ƙugiya shi ne yankan ɗanyen kifi mai maiƙo da ake kira shad, wanda ake kamawa da birgi ko raga da sassafe, domin wanda ya kwana ba ya jan manya kamar sabo. Ana amfani da ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe, wadda ke kama kifi a gefen baki maimakon ya haɗiye ta, don a iya sakin sa ba tare da rauni ba. Idan rabin sa'a ta wuce babu motsi, a ɗaga a koma gaba. Idan teku ta juya, dole a sake kafa jirgi, domin gefen gurbin da kifi ke kwance shi ma ya sauya.

Lokacin sanyi ne kakar manya. Daga ƙarshen kaka zuwa farkon bazara sukan taru a wurare masu zurfi, ƙananan da ke damun ƙugiya kuma sukan lafa. Da zafi kuwa, dare ya fi, lokacin da suke hawowa wurare marasa zurfi neman abinci.

Wannan ilimi ya haifar da kasuwa. A 2009 an kama tarwaɗa mai nauyin kimanin kilo 46 a kogin James. A Maryland, wadda aka kama a Potomac a 2012 ta kai kimanin kilo 38. Shuɗiyar tarwaɗa mafi girma da aka taɓa kamawa da fatsa a duniya, mai kusan kilo 65, ta fito ne a 2011 daga tafkin Kerr da ke kan iyakar Bajiniya da Karolina ta Arewa. Irin wannan labari ne ke jawo baƙi daga jihohi masu nisa, su biya mai jirgi, su kama ɗaki a masauki, su sayi mai da abinci da lasisin kamun kifi. Ga masu cin abinci ta wannan hanya, babbar tarwaɗa jari ce da ake iya kamawa sau da yawa, muddin ana mayar da ita.

Abin da ke cikin cikinta

Masunta na gado, waɗanda suka dogara da ƙaguwa da kifayen asali, suna kallon lamarin ta wata fuska. A wurinsu, tarwaɗa na cika musu raga da kifi mai arha, tana soke hannu da ƙayarta, tana kuma cin abin da suke nema. Shuɗiyar ƙaguwa ita ce mafi daraja cikin abin da ake kamawa a mashigin, kuma ta zama tambarin abincin Maryland. Binciken cibiyar Bajiniya ya ƙiyasta cewa tarwaɗa na cin ƙaguwa kimanin miliyan 2.3 duk shekara a wani yanki kaɗai na ƙasan kogin James, yawancinsu ƙanana waɗanda ba su kai ga haihuwa ba.

Sai dai hoton ya fi haka sarƙaƙiya. Masu bincike na jami'ar Virginia Tech sun duba cikin tarwaɗa sama da 16,000 daga kogunan jihar, suka tarar da cewa ƙanana da matsakaita, waɗanda su ne mafi rinjaye, ba sa zaɓen abinci: ciyawar ruwa, ƙwari, da wata baƙuwar kawa 'yar asalin Asiya su ne kaso mai yawa na cimarsu. Sai sun girma suke komawa cin kifi, kuma abin da suka fi ci shi ne kifayen da ke da yawa, har da 'yan uwansu tarwaɗa. Kifayen asali da ake fargabar ƙarewarsu sun bayyana a cikin ƙalilan daga waɗanda aka duba.

Kowane ɓangare ya samu abin riƙewa a wannan sakamako. Masu kare manyan tarwaɗa na cewa ga shaida, manyan ma taimakawa suke yi wajen rage ƙananan. Masu neman a rage ta kuma na cewa idan kifi ya kai miliyoyi, ko ɗaya cikin ɗari ne ya ci ƙaguwa a rana, asarar ba ƙarama ba ce. Gaskiyar da ɓangarorin biyu ba za su iya kauce mata ba ita ce raguwar ƙaguwa da kifayen asali na da dalilai da yawa: gurɓatar ruwa, ƙarancin iskar shaƙa a zurfin mashigin lokacin zafi, ɓacewar ciyawar ƙarƙashin ruwa da ƙananan ƙaguwa ke ɓuya a ciki, madatsun da suka tare hanyar kifaye masu hawa kogi, da kamun da ya wuce kima a shekarun baya. Tarwaɗa ƙarin nauyi ce a kan jakin da ya riga ya gaji. Ɗora mata laifin duka zai ba masu gurɓata ruwa mafaka, wanke ta kuma rufe ido ne daga abin da ke bayyane.

Jihohi biyu, dokoki biyu

Maryland ba ta sanya iyaka ba kan adadi ko girman tarwaɗar da mai fatsa zai ɗauka, ta kuma haramta kai ta da rai zuwa wani ruwa. Bajiniya kuwa ta daɗe tana bin hanya ta tsakiya: a ɗebi ƙanana yadda aka ga dama a kogunan da teku ke shiga, amma wadda ta wuce santimita 81 ɗaya tak aka riƙa yarda mutum ya ɗauka a rana. Ko da jihar ta ba wasu masunta ƙalilan lasisin kama tarwaɗa da wutar lantarki mai rauni, wadda ke sumar da ita ta taso saman ruwa a kwashe ta da koma, an hana su taɓa manyan.

Wannan mataki na Bajiniya na da hujjar kimiyya da ta tattalin arziki. Bincike ya nuna cewa yayin da tarwaɗa ta yi yawa, girmanta ya ragu saboda gasar abinci, kuma manyan da aka saba gani a Rappahannock sun yi ƙaranci. Ma'ana, rage ƙanana zai amfani har masu neman manya. A nan ne muradun ɓangarorin biyu suka haɗu, kuma a nan ne ya fi sauƙi a gina matsaya ɗaya. Inda suka rabu shi ne kan manyan, waɗanda su ne suka fi cin kifi, suka fi zuba ƙwai, su ne kuma suka fi kawo kuɗin baƙi.

Akwai kuma batun lafiya. Manyan tarwaɗa na tara gubar masana'antu a jikinsu, musamman sinadarin PCB da ya daɗe kwance a lakar kogunan. Shi ya sa hukumomin lafiya ke gargaɗi kan cin manya daga wasu koguna, suna ba da shawarar a tsaya kan matsakaita, a kuma cire fata da kitse. Kasuwar abinci ke nan ba za ta iya shanye manyan ba, ko da an sake wa masunta mara.

Dokar da aka yi don Vietnam ta faɗa kan Chesapeake

Tunda masana sun yarda cewa kawar da ita gaba ɗaya ba zai yiwu ba, mafitar da aka fi magana a kai ita ce a mayar da ita abinci. Maryland ta fara sayen ta domin gidajen gyaran hali da makarantu da rumbunan tallafin abinci, tana kuma tallata ta ga gidajen cin abinci. Abin da masunta suka kama a ruwan Maryland da Potomac ya tashi daga kimanin kilo 276,000 a 2013 zuwa kusan kilo miliyan 1.9 a 2023. Ci gaba ne, amma cikin cokali ne idan aka kwatanta da abin da ke cikin ruwa.

Babban cikas ya fito ne daga wata doka da ba ta da alaƙa da Chesapeake. Masu kiwon tarwaɗa a kudancin Amurka, musamman jihar Mississippi, sun daɗe suna kokawa kan kifi mai arha da ake shigowa da shi daga Vietnam. Da goyon bayan Sanata Thad Cochran, dokar noma ta 2008 ta ɗauke duba lafiyar tarwaɗa daga Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, wadda ke duba sauran kifaye, ta miƙa wa Ma'aikatar Noma, wadda ke duba nama da kaji. Tsarin ya fara aiki a 2016, ya kankama sosai a 2017. Ofishin binciken ayyukan gwamnati ya sha bayyana shi a matsayin maimaita aiki, Majalisar Dattawa ma ta kaɗa ƙuri'ar soke shi a 2016, amma Majalisar Wakilai ba ta bi sahu ba.

Abin da wannan ke nufi a bakin kogi shi ne, duk masana'antar da za ta feɗe tarwaɗa don sayarwa sai ta cika sharuɗɗa irin na mayanka, kuma sai ta yi aikin a lokacin da jami'in duba abinci ke bakin aiki. Idan aka wuce sa'o'in da gwamnati ke biya, mai masana'anta ne zai biya kuɗin ƙarin lokaci. Kifin kiwo ana kwashe shi ne a ranar da aka tsara. Kifin kogi kuwa sai yadda teku da iska suka yi, yana iya isowa da dare ko ranar hutu. Ƙananan masu sarrafa kifi da dama sun ga abin bai biya ba, suka janye. Idan masu saye suka yi kaɗan, farashi a bakin ruwa kan faɗi, masunci kuma ba zai ƙona mai don kifin da ba zai mayar masa da kuɗinsa ba.

Gwamnatoci sun fara cike giɓin da tallafi maimakon gyara dokar. Bajiniya ta kafa asusun tallafa wa masu sarrafa tarwaɗa da daskarar da ita a 2023, Ma'aikatar Noma ta tarayya kuma ta sanar da dala miliyan 6 don irin wannan aiki a 2025. Masu sukar tsarin na ganin wannan kamar a ɗaure mutum ne sannan a ba shi sanda ya dogara.

Haɗarin da ke cikin maganin

Ko kasuwar ta buɗe, akwai tambayar da masana ke yi tun yanzu. Idan aka gina masana'antu, aka sayi jirage, iyalai suka dogara da tarwaɗa, wa zai yarda ta ƙare? Masu fatsa sun riga sun zama rukunin da ke kare ta. Masunta da masu sarrafa ta na iya zama rukuni na biyu, sai burin rage ta ya rikiɗe ya koma burin tattalinta. Haka ta faru a tafkin Victoria na gabashin Afirka, inda giwan ruwa da aka zuba a shekarun 1950 ya taimaka wajen ɓacewar nau'o'in kifayen asali masu yawa, amma ya zama hajar da Uganda da Kenya da Tanzaniya ke fitarwa waje, har hukumomi ke fargabar raguwarsa. Ita ma tarwaɗar Afirka da ake kiwo a kududdufan Najeriya ta zama abin damuwa a inda aka kai ta: Indiya ta haramta kiwonta, a Brazil kuma ta tsere daga gonakin kifi ta shiga koguna.

Abin da ya rage wa hukumomin Chesapeake shi ne su amsa tambayar da suka daɗe suna kewayawa: nawa ne adadin tarwaɗar da kowane kogi zai iya ɗauka ba tare da ƙaguwa da kifayen asali sun durƙushe ba, kuma nawa za a riƙa kwashewa duk shekara don a kai ga wannan adadi? Muddin babu wannan ma'auni da jihohin biyu suka amince da shi, Maryland za ta ci gaba da kwasa, Bajiniya ta ci gaba da tattalin manya, kifin kuma ya ci gaba da ratsa iyakar da ba ya gani a duk shekarar da damina ta yi ƙarfi.